Shin jirgi kai tsaye daga Sakkwato zuwa Dubai zai ci riba?

Jiya bayan isha munka daɗe muna gardama a majalisarmu ta Mabera kan maganar nan, ga abin da na tsinta.

Wani Alhaji mai sayar da tikiti ya ce kar cikowar filin jirgin Sultan Abubakar III lokacin Hajji ta ruɗe mu, na wata biyu ne kawai, kamfani kuwa so yake kujeru su cika duk sati zuwa da dawowa, in jirgi ya tafi cike ya dawo wayam to asara ce, ga man jirgi da gyara da hayar jirgin duk da dala ake biya, tikiti kuma da naira. Ya tuna mana Emirates, kamfanin jiragen Dubai, da ta daina zuwa Najeriya a 2022 saboda kuɗinta sun maƙale, sai Oktoba 2024 ta dawo. Legas ke nan fa, bare mu.

Shawarar da anka fi yarda da ita: a fara da Jidda, don masu Umara ba su yankewa, kuma sau biyu a sati ya isa. Wani ya kawo Air Peace da ta buɗe Legas zuwa Landan a Maris 2024, anka ce Malam ai can akwai ɗalibai da 'yan kasuwa masu biyan kujerar manya, nan ne ribar take.

Ni dai maganar kaya ta fi kama min hankali, fatar jan akuyarmu in ta shiga cikin jirgin za ta rage wa kamfani zafi.