Wayar sifika mai araha: wacce ta yi maku aiki?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta hannu da sifika biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta), zan sa a falo don karatun Alƙur'ani da labarai. A Babbar Kasuwa an nuna mani waya kala uku, har da wata a kwali mai bakin ruwan zinari, kuɗinta ya ninka sauran. Daga amfilifaya zuwa kowace sifika bai wuce mita 5 ba. Wanda ya taɓa haɗawa ya ba ni haske, don Allah.

Mai gyaran rediyo, Rafin Daɗi: Wa alaikumus salam. Malam, bar kwali, duba cikin wayar. Da yawa daga masu ƙyallin nan alminiyom ne aka shafa ma jan ƙarfe a sama, su ake rubuta ma CCA. Alminiyom kuwa kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin karyewa a wurin da ake ɗaure wayar. Ni da reza nake shiga kasuwa. In feɗe bakin wayar, in kankare sili ɗaya. In ya yi fari, na aje. Ko ka kanga mata ashana: silin alminiyom nan take zai lanƙwashe, na jan ƙarfe ja kawai zai yi ya tsaya.

A mita 5 da om 8, waya mai kaurin sikwaya milimita 1.5 ta ishe ka har da ragi. In sifikar om 4 ce, ko tafiyar ta kai mita 10, hau 2.5. Na sha haɗa ma mutane da fileksibul ta wayarin ɗin gida, muddin jan ƙarfe ce zalla, kuma ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Wata uwa, Sabuwar Unguwa: Mu ɓera ne matsalarmu. Sau biyu yana cinye wayar bayan kujera. Da ɗana ya zura ta cikin tiranki, robar rufe waya ɗin nan, ya manna a gindin bango, shi ke nan muka huta.

Malamin makaranta, Daura: Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren RCA na sha wahala, waya mai kai ja da fari ɗin nan da ke kawo sauti daga talabijin. Wata guda amfilifayata na wani ƙugi, "hummm", ko ba a kunna komai ba. Har na yanke shawarar kai ta Kano gyara. Ashe siririyar wayar da ta zo cikin kwali ce na ɗaure da zare tare da wayar wuta, wai don wurin ya yi tsaf. Wutarmu 50 Hz ce, wato sau 50 take kai da komowa a daƙiƙa, ita wayar ke kwasowa. Na raba su, na sayi mai kaurin riga wadda ke da saƙar kariya a ciki, mita ɗaya kacal. Ƙugin ya ɗauke ɗif. A nan kam ban ga laifin ƙara ɗan kuɗi ba, amma don kariyar, ba don zinarin ba. Da hunturu kuma ina cire kawunan in goge ƙura, don tana sa ƙaraf-ƙaraf.

Matashi, Ƙofar Marusa: Yaya, in talabijin ɗinka da amfilifayar duk suna da ramin oftikal, yi amfani da shi. Haske ke bi ta ciki, ba ruwanshi da ƙugi. Wayata ta oftikal mai araha ce, kuma lafiya lau.

Mai gyaran rediyo: Na manta abu guda. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka sifikun. In ka juya ɗaya, bes, wato kaurin sauti, zai tsere, ka ɗauka waya ce ba kyau. Kuma ka murɗe silin sosai, kada ko sili ɗaya na ja ya taɓa na baƙi, don shi ke ƙona amfilifaya.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na koma da reza yau da hantsi. Biyu sun yi fari, har da ta kwalin. Na yanko mita 10 na 1.5, zan haɗa bayan La'asar in sha Allahu.