Ƙugi da tsuwa sun hana ni jin daɗin kiɗa a shago, wane DAC zan saya da jika talatin?

Tela na Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a nan Damagaram, shagona yana cikin Birni. Daga safe har magariba ina kan keke, abokin hirata kiɗa ne. Ina da tsohuwar kwamfutar hannu, na jona ta da ampili da lasifika biyu ta wayar nan mai kai ɗaya a gefe guda, ja da fari a ɗaya gefen. Damuwata ita ce ƙugi da ba ya yankewa, wani "huuum" a ƙarƙashin kowace waƙa, ga kuma wata siririyar tsuwa in na motsa maus. In algaita da kalangu suna tashi ba a ji sosai, amma da zarar mawaƙi ya tsagaita, ko na sa karatun Alƙur'ani da asuba, sai abin ya cika shago. Ɗan yayata da ke karatu a Yamai ya ce in sayi DAC. Abin da zan iya fiddawa jika talatin ne. Wanne zan nema? Akwai kuma kaset-kaset na marigayi mahaifina sun fi arba'in, ina so wata rana in mayar da su cikin kwamfuta kafin zare ya lalace.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fidda ko dala tukuna. Abin da ake kira DAC ɗan guntun na'ura ne mai mayar da lambobin da ke cikin fayil su zama wutar da lasifika ke iya kaɗawa. Yana cikin salularka, yana cikin kwamfutarka ma. Matsalar shi ne na cikin kwamfuta yana zaune kusa da fanka da sauran kayan da ke ta hayaniyar wuta, shi ya sa ake fiddo shi waje ta USB. Amma ƙararka iri biyu ce, kuma ba lallai magani ɗaya ne ba. Yi wannan yau: kunna ampili, kada ka sa waƙa, ka zare cajar kwamfuta ta koma kan batir. Saurara. Sannan ka taka keken ɗinki na wuta ka sake saurarawa. Ka dawo ka gaya mana.

Tela na Birni:
Na yi, maigida. Da na zare caja ƙugin ya ɗauke ɗif, har na zaci ampili ne ya mutu. Tsuwar maus dai tana nan. In na taka keke kuma akwai ƙaras-ƙaras.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole:
Madalla, ciwo uku ke nan. Ƙugin daga caja yake. Kuran ɗinmu yana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, shi ne kake ji yana biyo caja ya shiga ampili, tunda su biyun suna haɗe ta wuta kuma suna haɗe ta wayar sauti. In ka sayi DAC na USB ka bar wannan cajar, ƙugin yana iya biyo USB ɗin ya same ka, ka ce an cuce ka. Ara caja ta asali wurin wani ka gwada. In bai tafi ba, akwai ɗan akwati mai tiransifoma a ciki da ake sakawa tsakanin kwamfuta da ampili, masu haɗa kiɗan mota sun san shi, yana yanke wannan hanyar. Abin da ban yarda ba shi ne ka karya ƙafa ta uku ta fulogi kamar yadda wasu yara ke yi, don kare ranka aka sa ta. Ƙaras-ƙaras kuwa motar kekenka ce. Raba musu wurin jona wuta, ka gajarta wayar sauti, kada ta kwanta kan wayar kuran. Tsuwar maus kaɗai ce aikin DAC.

Ɗan Zango mai ɗaukar sautin biki:
Baba tela, tunda ka ambaci kaset, ni Behringer UCA202 zan ce maka, ko ɗan uwansa ja UCA222, kusan abu ɗaya ne. Yana da ramukan ja da fari na fita zuwa ampili, yana da wasu biyu na shiga. Wato da shi za ka ji kiɗa, da shi kuma za ka jona rediyon kaset ka kwashe waƙoƙin Baba da manhajar Audacity, kyauta ce. Ba ya buƙatar a girka masa komai, daga USB yake shan wuta, ko an ɗauke kuran yana aiki da batirin kwamfuta. Iyakarsa bit 16 da kilohaz 48, wato ma'aunin yadda ake mayar da sauti lambobi: bit shi ne zurfin kowane awo, kilohaz kuma sau dubu nawa ake awon a daƙiƙa. Ramin abin ji na kunne da ke jikinsa ba wani abin yabo ba ne, amma kai da lasifika kake. Kuɗinka kusan yuro 45 ne in an lissafa, tunda yuro ɗaya sefa 655 da ɗoriya ne, kuma bai kamata ya cinye su duka ba. In da hali ya fi haka da na ce FiiO E10K, yana da maɓallin ƙara murya mai kyau, yana kai bit 24 da kilohaz 96, sai dai ya wuce jika talatin kuma ba ya ɗaukar sauti daga kaset.

Ɗalibi daga Garin Malam:
Ni ban ga dalilin sayen mai bit 16 a wannan zamani ba. Akwai ƙanana masu kama da jelar waya da aka rubuta bit 32 da kilohaz 384 a kwalinsu, kuma sun fi araha.

Ɗan Zango mai ɗaukar sautin biki:
Ƙanena, rubutun kwali ba shi ke kiɗa ba. Faifan CD da ya fito a 1982 bit 16 ne, kilohaz 44.1, kuma hakan yana ɗaukar sauti har kusan kilohaz 22. Kunnen yaro mai lafiya a wajen kilohaz 20 yake tsayawa, na manya bai kai nan ba. Tambayi Baba tela daga ina waƙoƙinsa suke. Na tabbata yawancinsu MP3 ne da aka turo ta WhatsApp ko aka kwaso a wurin masu tura waƙa, wasu an matse su sau biyu sau uku. Abin da aka zubar wajen matsewa ba na'urar da za ta dawo da shi. Na zauna da masu tsada da masu araha a kan lasifika irin ta shago, fanka na juyawa, babura na wucewa, ban iya rarrabe su ba. Abin da na ji nan take shi ne tafiyar tsuwa.

Malamar lakwal:
Malam tela, ka bar ni in gaya maka kuskuren da na yi bara don kada ka maimaita. Na aika wani ɗan uwa ya sayo mini, ya kawo ɗan akwati baƙi an rubuta DAC ɓaro-ɓaro. Da muka buɗe, ba ramin USB na sauti, ashe na talabijin ne, mai karɓar wayar haske. Ramin USB ɗin da ke jiki na shan wuta ne kawai. Yana nan cikin kwaba har yau. Ka ce wa wanda za ka aika ya ɗauko hoton bayan na'urar ya turo maka kafin ya biya. Daga baya ƴar jelar Apple mai kan USB-C na samu, dalar Amurka 9 take a can, sautinta tsaf. Sai dai jabu sun yi yawa a kasuwa, wadda ake sayarwa a Turai muryarta ta fi ta Amurka ƙasa, kuma tsohuwar kwamfuta irin taka da wuya tana da wannan ramin, sai da wani mahaɗi.

Alhaji mai zuwa Kano:
In ba a samu a nan ba, ƴan kayan kiɗa na Sabon Gari a Kano suna kawo irin na Behringer ɗin. Ka rubuta sunan da lambar a takarda. Kuma a gwada a gaban mai shago da kwamfuta, kunne biyu duka su yi magana.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole:
Ƙarin abu da ba ya cin ko sisi: ka kai muryar kwamfuta kusan ƙarshe, ka riƙa ragewa daga ampili. Mutane suna yin akasin haka, su bar kwamfuta ƙasa su murɗe ampili, sai ya ƙara wa ƙazantar ƙarfi tare da waƙar. Lokacin hunturu kuma ka rufe ramukan da ba ka aiki da su, ƙurar garin nan da zaren shagonka suna shiga su sa murya ta riƙa yankewa. Ragowar kuɗin ka ajiye wa caja da waya mai kauri.

Tela na Birni:
Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan iyaye. Na ari cajar maƙwabcina, ƙugin ya ragu ƙwarai, na kuma mayar da ampili ɗaya bangon, keke ya daina shiga. Alhaji, zan kawo maka takardar da kuɗin bayan Juma'a. Ɗan Zango, kaset arba'in wuri nawa za su ci?

Ɗan Zango mai ɗaukar sautin biki:
A WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, minti ɗaya kusan megabait 10 ne, kaset mai awa ɗaya ya haura 600. Arba'in za su kai gigabait 25. In ka ajiye a FLAC, wani irin fayil mai matsewa, zai sauko kusan rabi ba tare da an zubar da komai ba. Ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu, Baba.

Mai gyaran rediyo, Kasuwar Dole:
Kada ka sa kaset ɗin mahaifinka a rediyon da ya daɗe a ajiye, robar ciki ta saki, zai tauna zare. Kawo mini shi in canza robar in goge kan. Ban da Alhamis, ranar kasuwa ba na samun zama.