Ubuntu, Mint ko Debian: wanne zan sa wa tsohuwar kwamfutata?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Ina da ɗan shago a Gusau, muna buga takardu da cike wa ɗalibai fom ta intanet. Tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025, kwamfutata kuwa ba za ta ɗauki Windows 11 ba, kuma RAM ɗinta (ma'adanar aiki ta wucin gadi) 4GB ne kacal. Shi ya sa nake son komawa Linux.

Na fahimci ukun nan nau'o'in Linux ne, 'yan gida ɗaya: Ubuntu daga Debian ya fito, Mint kuma a kan Ubuntu aka gina shi. Nan na maƙale. Raina ya fi kwanciya da Mint mai Xfce (wani tsarin fuskar allo), don ba ya da nauyi kuma fuskarsa ta yi kama da Windows, yarana ba za su sha wahalar koyo ba. Amma Ubuntu LTS (fitowar da ake daɗewa ana kula da ita) yana da tallafin shekara 5, masu amfani da shi kuma sun fi yawa.

Babbar damuwata firinta ce, ita ce abincina. Wanne ya fi saurin gane ta? Sannan wanne ne sabunta shi ba ya cin data sosai? Allah ya saka da alheri.