Muhawara: Black Sabbath ne kaɗai suka haifi heavy metal?

Mai Jita: Salam jama'a. Ina nan kan bakana, heavy metal, wato kiɗan rock ɗin nan mai nauyi da ƙarar jita, ranar 13 ga Fabrairu 1970 aka haife shi, ranar da Black Sabbath suka saki faifansu na farko. Kafin nan akwai kiɗa mai ƙara, amma metal kam babu shi. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Baba Ilu: Ɗana, ka yi saurin yanke hukunci. Led Zeppelin faifai biyu suka fitar a 1969, ɗaya a Janairu ɗaya a Oktoba, lokacin su Ozzy Osbourne, mawaƙin Sabbath, ko sunan ƙungiya ba su gama tsayarwa ba, Earth ake ce musu har tsakiyar shekarar. Ka je ka saurari yadda John Bonham ke dukan ganga a Whole Lotta Love sannan ka dawo mu yi magana.

Mai Jita: Allah ya ƙara girma Baba, ba na raina Bonham wallahi. Amma Zeppelin ai blues ɗin baƙaƙen Amurka suka ɗauko suka ƙara masa murya, ita kanta wannan waƙar da ka ambata sai da mawaƙin blues Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 aka sasanta aka sa sunansa a jikinta. Kuma faifansu na uku a 1970 kusan rabinsa jitar katako ce, a wani ƙauyen Wales suka je suka tsara waƙoƙin. Shi kansa mawaƙinsu Robert Plant ba ya son a ce masa ɗan metal, to mu don me za mu tilasta masa?

Hajjo: Ku biyun duk kun tsallake Deep Purple kamar ba a yi su ba, abin nan yana min ciwo gaskiya. In Rock ya fito a watan Yuni 1970, wata huɗu kacal bayan na Sabbath, kuma duk gudun da ake yi a metal daga baya, da ihun nan na can sama da mawaƙa ke yi, a wurin mawaƙinsu Ian Gillan da mai jitarsu Ritchie Blackmore aka gan su. Sabbath tafiyar hawainiya suke yi. Jon Lord ya jona ogan ɗinsa da amfilifayar Marshall yana gasa da jita, wa ya yi haka kafinsa?

Mai Jita: Anti Hajjo, Purple ɗin da a Satumba 1969 suna Royal Albert Hall suna kiɗa da ƙungiyar makaɗan gargajiyar Turawa? A lokacin ba su ma san ina suka dosa ba. Su kuwa Sabbath, yaran unguwar Aston ta Birmingham, tun ranar farko sun san me suke so. Mai jitarsu Tony Iommi yana ɗan shekara 17, ranarsa ta ƙarshe a masana'antar ƙarfe inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama, shi kuma bahago ne, wato da hannun yake danna tsirkiya. Wani shugabansa a wurin aikin ne ya kunna masa kiɗan mai jita Django Reinhardt, wanda shi ma da yatsu biyu yake kaɗawa bayan wuta ta ƙona shi. Iommi ya narka robar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyin banjo don ya rage zafi, daga baya ya sassauta su sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Ozzy kuma a mahauta ya yi aiki har gidan yari ya shiga. Wannan kiɗan daga cikin hayaƙin Birmingham ya fito, ba a makaranta aka koyo shi ba.

Ɗan Damagaram: Labarin yatsun gaskiya ne, amma abokina kana ja masa tsawon da bai kai ba. Sassauta tsirkiya sosai sai a Master of Reality, 1971, faifai na uku. Shi na farkon da kake ta ɗagawa a yini ɗaya suka ɗauke shi a Landan a Oktoba 1969, akwai busa irin ta blues a ciki, akwai waƙoƙi biyu da ba ma nasu ba ne, Evil Woman da Warning. In ka tuhumi Zeppelin da blues to Sabbath ma ba su tsira ba. Ni a wurina waɗanda suka wanke blues daga kiɗan nan tas su ne Judas Priest, su ma 'yan Birmingham, daga Sad Wings of Destiny 1976 zuwa British Steel 1980. Jita biyu na K.K. Downing da Glenn Tipton suna tafiya tare, ga muryar Rob Halford, ga kayan fata da ƙusoshi, kuma su ne suka fito fili suka ce mu 'yan metal ne ba tare da jin kunya ba.

Mai Jita: To ai ka ƙara min ƙarfi ne. Wa ya ɗauki faifan Priest na farko a 1974? Rodger Bain, mutumin da ya ɗauki ukun farko na Sabbath. Wanda ya gyara gida daban, wanda ya haƙa tushe daban.

Malam Nura: Ni tambaya gare ni ba musu ba, kuma da gaske nake. Black Sabbath ɗin nan ba su ne ake cewa masu bautar shaiɗan ba? Sunan kawai ya isa ya sa mutum ja da baya.

Hajjo: Malam tambayarka a kan hanya take. Sunan daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963 suka ɗauko shi, sun lura mutane na biyan kuɗi don a tsorata su a silima sai suka ce bari su gwada haka da kiɗa. Geezer Butler da ke rubuta yawancin baitocin a gidan 'yan Katolika ya tashi, After Forever kira ce ga imani da Ubangiji, War Pigs kuma zagin masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi ne a zamanin Vietnam. Abin da ba zan kare su a kai ba shi ne shaye-shaye, shi ya cinye su, shi ya jawo aka kori Ozzy a 1979, Bonham ma giya ce ta yi ajalinsa a Satumba 1980 Zeppelin suka watse a Disamba.

Baba Ilu: Wannan watsewar ita ce ta sa nake girmama Zeppelin. Mutum ɗaya ya rasu suka ce shi ke nan. Sabbath kuwa an yi ta canza mawaƙa har Gillan na Purple sai da ya shigo a 1983, har ta kai wani lokaci Iommi ne kawai ya rage daga 'yan asali.

Ɗan Damagaram: Baba a nan kam ban bi ka ba. Heaven and Hell da suka yi da Ronnie James Dio a 1980 ya fi faifai biyun ƙarshe da suka yi da Ozzy nesa ba kusa ba, shi ya dawo da su daidai lokacin da su Iron Maiden da Saxon ke tasowa suna neman ture tsofaffi.

Mai Jita: Duk na ji. Amma ku amsa min wannan, ranar 5 ga Yuli 2025 a filin Villa Park da ke Aston, su wa Metallica da Slayer da Pantera suka tsallako teku don su yi wa ban kwana? Ozzy na zaune a kujera cutar Parkinson ta hana shi tsayuwa, ya rasu ranar 22 ga watan. Masu sana'ar da kansu sun nuna wa suka ɗauka uba.

Hajjo: Ƙanena kada ka yi saurin kafa hujja da Metallica. Mai gangarsu Lars Ulrich yana yaro Deep Purple ya fara gani a Copenhagen a 1973, daga nan ya kamu, kuma shi ya gabatar da Purple ranar da aka shigar da su zauren karrama mawaƙan rock a 2016. Ka saurari Highway Star ta Purple yau da dare ka gaya min ko saurin nan daga Aston ya fito.