Wai me ya sa aka kai kamfanin ƙarfe can bakin ruwa Aladja, kuma ya aikin yake a ciki?

Mai_Rodi_Skt

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga duk wanda ya san harkar ƙarfe ko ya taɓa zaman kudu. Ni rodi nake saidawa nan cikin garin Sakkwato, shekara ta shida kenan ina shagon maigidana, 10mm, 12mm, 16mm, wayar ɗauri, ƙusa duk muna taɓawa. To jiya wani dattijo ya zo sayen 12mm zai yi lintal, ya ɗaga guda ya jinjina shi a hannu ya girgiza kai ya ce yaro ku ba ku ga rodi ba, a zamaninsu rodin Katsina ake kawowa kuma shi ma Katsina ba su ke narka ƙarfen ba, daga wani gari ake ɗauko musu shi kusa da Warri wai shi Aladja, kuma wai marigayi Shagari ne da kansa ya buɗe wurin. Ni wallahi Ajaokuta kaɗai na sani, ita ce kullum ake faɗa a rediyo duk lokacin zaɓe.

Abin da ya ɗaure min kai, ƙarfe ai daga dutse ake samo shi, to me ya kai kamfani bakin teku inda ba komai sai ruwa da sauro? Sannan ya ake aikin a ciki, irin na maƙera ne da wuta da zuga-zugi amma babba, ko wani abu ne daban? Kuma ina labarin ya kwana, don ni tunda na fara aikin nan ban taɓa sauke tirela ɗaya da aka ce daga can take ba.

Ɗan Maƙera

Hhhh zuga-zugi kuma? Malam ka zo Maƙerar Assada mu nuna maka zuga-zugi, wancan wata duniya ce. Amma ka sani tun kafin Bature ya zo kakanninmu suna haƙo tama su narka ta da gawayi su fidda ƙarfen garma da takobi, ba su jira jirgin ruwa ba. Bari manya su zo su ba ka amsa, ni ma ina nan ina saurare.

Baba Tsohon Ma'aikaci

Wa alaikumus salam ɗana. Jikana yan nuna man tambayar taka yac ce Baba ga irin hirar da kaka so, to ni ka faɗi shi ka rubutawa, in kun ga kuskure nashi na.

Dattijon ga gaskiya yag gaya maka. Sunan wurin Delta Steel Company, shina Ovwian-Aladja bakin kogin Warri, lokacin ma babu jihar Delta, Bendel aka ce ma wurin, sai 1991 anka raba. Shehu Shagari, Allah shi gafarta mai, shi yab buɗe shi a Janairun 1982. Jamusawa da mutanen Ostiriya sunka gina shi, an tsara shi fidda tan miliyan 1 na ƙarfe duk shekara. Ni na isa can bayan buɗewa da kamar shekara guda, ina saurayi na gama makarantar koyon sana'a, ban taɓa ganin jirgin ruwa ba sai a hoto. Ranar da nif fara ganin guda ya tsaya bakin kwata sai da nic cire hula.

To maganar mi yas sa bakin ruwa. Abu biyu na. Na farko tama, lokacin ba tamar gida aka amfani da ita ba, daga Brazil da Laberiya aka kawo ta cikin jirgi, kuma kaya mai nauyi irin wanga babu abin da ka ɗaukar shi da arha kamar ruwa, in ka ce mota za ta kawo shi Sakkwato kuɗin man kaɗai ya cinye ribar. Na biyu gas. Wurin ga ba gawayin kwal aka ƙonawa ba kamar yadda anka tsara ma Ajaokuta, iskar gas ita ta abincinai, kuma gas ga shi nan ƙarƙashin ƙafarsu, dare in ka duba sama za ka ga wuta tana ci can nesa inda kamfunnan mai ka ƙone shi banza.

Yadda aikin yake kuwa, tamar tana zuwa gari-gari ja kamar jan ƙasa, bel, doguwar ɗamarar inji mai jan kaya, ka ɗauko ta daga kwata, a cakuɗa ta a murza ta ta koma 'yan ƙwallaye kamar gurjiya, a gasa su su yi ƙarfi. Daga nan a zuba su ta saman wata doguwar tanderu, Midrex aka ce mata, gas mai zafi shina hawa daga ƙasa su suna sauka, ba narkewa su kai ba a nan, tsatsar jikinsu kawai gas ɗin ka cinyewa, su fito ƙasa baƙaƙe da 'yan ƙofofi kamar soso. Wanga soson ƙarfe ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, in ya jiƙe a tsibi da kanai shika ɗaukar zafi har shi kama, kuma ka tuna garin da ruwan sama ka yin wata bakwai takwas muke magana, to ka ga aiki.

Ni inda niy yi aiki shi na wurin narka. Tukunya ta ƙatuwa wadda ka ɗaukar sama da tan 100, a zuba soson ƙarfen da tsohon ƙarfe da farar ƙasa, a rufe, sai a sauko da wasu sanduna ukku baƙaƙe masu kauri kamar gungumen giginya, a sakar masu wutar lantarki. Ɗana ƙarar da ka tashi wurin ko aradun tsakiyar damina albarka, ƙirjinka za ka ji shina rawa, magana sai da hannu. Zafin ciki ya kai wajen digiri 1,600. Dattin shi ka tasowa sama, abin da maƙera ka ce ma kashin maƙera, a kwashe shi, a ɗebo ɗan ƙarfen a cokali mai dogon hannu a aika ɗakin gwaji, in sun ce ya yi sai a karkata tukunyar. Ban taɓa sabawa da ganin wanga ba har nib baro, ƙarfe shina zuba kamar kunu, fari tas ba ka iya kallon shi sai da baƙin gilashi. Kuren, injin ɗaga kaya, shi ɗauki babban moɗan da anka juye ƙarfen ciki shi kai wurin zubi, ƙarfen shi biyo ta cikin tagulla mai ruwan sanyi shi fito doguwar sanda mai kusurwa huɗu, a yanka, shi na bilet.

Bilet ɗin ga wani mu murza shi nan gida shi zama rodi, sauran a loda ma tireloli zuwa Katsina da Jos da Oshogbo, kamfunna ukku da anka gina musamman don su jira shi. Rodin Katsina da dattijon ka yabo to daga hannunmu yaf fito.

Wuta ba ta kwana, saboda haka mu ma kashi ukku aka raba mu, safe, marece, dare. Hular kwano, takalmi mai ƙarfe a baki, safar hannu ta fata. Abin da anka fi ja muna kunne a kai shi na kada ruwa ko rufaffen tulun gas shi shiga cikin tsohon ƙarfen da za a zuba, don in ya haɗu da narkakken ƙarfe fashewa shikai. Azumi wurin ga sai mai rabon lada, mu 'yan arewa mukan roƙi abokanmu Urhobo mu yi musanya mu karɓi dare, mu kuma mu riƙe masu Kirsimeti. In an yi albashi mu shiga mota mu tai unguwar Hausawa cikin Warri mu ci tuwo mu ji labarin gida wurin masu kawo shanu da albasa.

Na gaji, yaron ma ya ce hannunai ya gaji.

Malam_Injiniya

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wallahi bayanin nan ya fi wanda aka yi mana a aji. Bari in ɗora a kan tambaya ta uku tunda Baba bai kai nan ba.

Ni a ganina matsalar tun daga tsarin take. Wurin bai taɓa fidda ko rabin tan miliyan 1 ɗin nan a shekara ba, saboda komai nasa a hannun wani yake: tama sai da dala, kayan gyara sai da dala, sandunan nan da Baba ya ce su ma daga waje, wuta kuma sai abin da NEPA ta ga dama, kuma tukunyar lantarki in wuta ta ɗauke ƙarfe na ciki ai ka san sauran. Kuɗin mai ya faɗi, aka zo SAP, shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, a 1986 naira ta karye, to da me za a sayo tamar? An so a koma tamar Itakpe ta jihar Kogi, ita kuma ƙarfen cikinta bai kai na Brazil ba sai an tace ta sosai kafin Midrex ta karɓa, sannan layin dogon da zai kawo ta daga Itakpe zuwa Warri an fara shi tun shekarun 1980 amma sai 2020 Buhari ya buɗe shi, yanzu ma fasinja aka fi saninsa da ɗauka. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 aiki ya tsaya. Zamanin Obasanjo a 2005 aka sayar wa Global Infrastructure na Indiyawa, daga baya AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan banki da aka kasa biya, ta karɓe saboda bashi, ya koma hannun Premium Steel and Mines.

Kuma da Aladja ta yi tari sai Katsina da Jos da Oshogbo suka kwanta ciwo, don su murzawa kawai suka iya. Mai_Rodi ka lura da tirelolin 'yan jari bola da ke fita daga garin nan shaƙe da gwangwan suna yin kudu? To mafi yawan rodin da kake saukewa su ne suka dawo maka, an narka su can wajen Ikorodu da Ogijo. Da can ƙarfe daga kudu yake hawowa kawai, yanzu mu ke aika tsohuwar tukunya da bodin mota a dawo mana da su a miƙe.

Hajiyar Mabera

Ni dai abin da na ɗauka a nan shi ne ashe tukunyata da ta ɓata bara tana iya yiwuwa tana cikin ginin wani 😂 Baba sannu da ƙoƙari, a gaida jika.

Ɗan Sakkwato a Wales

Salam. Ina karatu a Swansea da ke Birtaniya, kuma kusa da mu akwai wani gari Port Talbot, in kana cikin mota a babbar hanyar M4 za ka ga kamfanin ƙarfensu shimfiɗe a bakin teku kamar ba zai ƙare ba. Dalilinsu ɗaya da na Baba, ruwa ke kawo tama, har tashar jiragen ruwa mai zurfi suka gina a 1970 don manyan jirage, sai dai su kwal suka dogara da shi don yankin nasu ƙasar kwal ce. An buɗe babban sashen a 1951, a shekarun 1960 mutum wajen 18,000 ke aiki a ciki, gari guda kusan kowane gida akwai mai shiga. Gwamnati ta karɓe shi a 1967, aka sake sayarwa, a 2007 Tata na Indiya suka saya. Ƙarshen Satumba 2024 suka kashe tanderunsu ta ƙarshe mai narka tama, aka ce ayyuka wajen 2,800 za su tafi, gwamnatin Birtaniya ta sa fam miliyan 500 don a gina tukunyar lantarki mai cin tsohon ƙarfe. Wato irin tukunyar da Baba ya tsaya a gabanta shekara 40 da suka wuce ita ce yanzu suke kira sabon zamani, abin ya ba ni dariya ya kuma ba ni haushi lokaci ɗaya. Bambancin dai su sun ci moriyar nasu shekara 70 da wani abu kafin a zo nan.

Mai_Rodi_Skt

Kai jama'a na gode, Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Na karanta wa maigidana yanzu a shago ya ce shi ma ya tuna lokacin da ake bin layi a sayi na Katsina. Amma Baba tambaya ɗaya ta rage, kwanaki mun sauke wani kaya daga wani kamfani ba zan faɗi suna ba, magini yana lanƙwasawa zai yi ringi sai ji ka yi ƙas ya karye kamar rake, sai da muka maida wa mutum uku kuɗinsu. Me ke jawo haka, tsohon ƙarfen ne ba shi da kyau?

Baba Tsohon Ma'aikaci

Tsohon ƙarfe ba shi da laifi ɗana, mu ma mun zuba shi. Laifin na wanda bai tsaya yat tace ba. In gawayin cikin ƙarfe, kabon aka ce mai, ya yi yawa, ko an bar tagulla da dalma da wasu tarkace sun narke ciki, shi ka sa shi tauri marar juriya, wanga cokalin da nic ce maka muna aikawa ɗakin gwaji ai don haka na, wani lokaci sau ukku sau huɗu kafin a yarda a zuba. Kai dai in kaya sun zo kada ka bari a gama saukewa, zaro guda daga tsakiyar ɗauri ba na sama ba, ka sa yaro shi lanƙwasa shi da bututu har shi koma kamar ƙugiya, ka duba bayan gwiwar ko ya tsage. Kuma ka yanki mita guda ka ɗora a sikeli, 12mm na gaskiya kusan giram 890 shika yi, 16mm kuwa kilo guda da rabi da ɗan ɗori. In kana kusa da Gidan Igwai ka biyo bayan la'asar, akwai hular kwanona nan rataye har yau, ka gani.