Zan canza waya, amma duk lissafin kasuwancina yana cikin tsohuwar

Mai atamfa, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Wayata ta tsufa, batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, ga shi kullum tana cewa wuri ya cika. Na tara kuɗi ina so in je shagunan waya na PZ a nan Zariya ranar Asabar in ba da ita in yi ciko a ba ni sabuwa. Abin da ke damuna shi ne, ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, kuma duk wanda nake bi bashi a cikin hirarmu lissafin yake. Ga rukunin adashenmu, ga manhajar banki. Sannan Gmail ɗin da ke kan wayar yaron shagon da na saye ta ne ya buɗe mini, ban san kalmar sirrin ba. Idan na miƙa wayar, abubuwan nan za su biyo ni ko shi ke nan?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Anti. Ai abu ne mai sauƙi, ki sa Xender, manhajar tura abubuwa daga waya zuwa waya, a duka wayoyin ki tura komai. Minti kaɗan an gama.

Mai gyaran waya, Sabon Gari:
Ɗan Samaru, a hankali. Xender zai kwashe mata hotuna da bidiyo da karatun da ta sauke, amma ba zai mayar mata da hirarrakin WhatsApp yadda suke ba, kuma su ne abin da ta fi ji.

Hajiya, farko dai ki janye maganar miƙa waya ranar Asabar. Duk wanda ya zo mini yana kuka a kan wannan, za ki samu ya rabu da tsohuwar ne kafin sabuwar ta zauna da gindinta. In da hali ki sayi sabuwar ki koma gida da duka biyun, bayan kwana biyu ko uku ki kawo tsohuwar a saya. In kuma dole sai an yi ciko, to ki je da safe ki zauna a shagon, a gama komai a gabanki.

Gmail ɗin nan shi ne babban aikin, kuma yau za ki fara, tun wayar tana hannunki tana aiki. Ki shiga saitin, ki taɓa Google, ki shiga wajen tsaro na asusun. Ki duba lambar wayar da aka sa ta dawo da asusu. Yaran shago da yawa lambarsu suke sawa don su yi sauri, wasu ma ba sa sa komai. Ki nemi canza kalmar sirri, idan ya tambayi tsohuwar ki zaɓi cewa kin manta. Da yake asusun yana buɗe a wayar, sau da yawa a nan zai tabbatar ke ce. Ki sa sabuwa, ki sa lambarki, ki rubuta a littafi ki ajiye a ɗaki. Google da kansu sun ce wanda ya canza kalmar sirri ya jira awa 24 kafin ya goge waya, shi ya sa na ce yau.

Dalilin da na dage shi ne, tun daga Android 5.1 akwai wani kulle da aka sa saboda ɓarayi. Idan aka goge waya ta bayan fage ba a cire asusun Google ba, da ta tashi sai ta nemi asusun da ke kanta a da. Wanda ya saya zai dawo yana nemanki, ke kuma ba ki da abin ba shi.

Maman 'yan biyu, Gyallesu:
'Yar uwa, batirin nan ne ya tsaya mini a rai. Don Allah kada ki ƙara kwana da ita a caji, kada ki sa ta ƙarƙashin matashi, kuma ki hana yara taɓawa. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Ki riƙa cajinta a ƙasa kan siminti kina gani, iya abin da zai ishe ki kwashe kayanki.

Mai atamfa, Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai. Malam mai gyara, na duba, babu lambar kowa a wajen, na sa tawa kuma ya karɓi sabuwar kalmar sirri, alhamdu lillah. To WhatsApp ɗin fa?

Mai gyaran waya, Sabon Gari:
Madalla, kin wuce mai wuyar. WhatsApp hanya biyu ce. Ta farko ki ajiye hirarrakin a Google Drive, sabuwar waya ta sauko da su. Sai dai tana cin data, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp tana shiga cikin 15GB ɗin da Google ke bayarwa kyauta. Mai sayar da atamfa irinki, hotuna da bidiyon kaya kaɗai na iya cinye wurin. In za ki bi wannan, ki kashe wajen haɗawa da bidiyo.

Ta biyu na fi so. A tsohuwar ki shiga saitin WhatsApp, Chats, sai Transfer chats. A sabuwar ki sauke WhatsApp ki sa lambarki, za ta nuna wani zane mai kusurwa huɗu, ki haska shi da kyamarar tsohuwar. Wayoyin za su haɗu da juna kai tsaye, hirarrakin su tsallaka har saƙon murya. Kada ki bari ɗokin sabuwar waya ya sa wani ya buɗe miki WhatsApp a kanta tun a shago ya tsallake wannan matakin, a nan ake asara. Kuma wannan tsakanin Android da Android ne. In iPhone kike nufi, wata hanya ce dabam, da manhajar Move to iOS, kuma ajiyar Google Drive ba ta buɗuwa a can.

Duk da haka ni da ke ce, sai in zauna daren nan in kwafe sunayen masu bashi da adadinsu a littafi. Waya mai kumburarren batir ba ta sallama in za ta mutu.

Malamin makaranta, Kofar Doka:
Ƙarin bayani kan lambobin mutane. Wasu suna kan layi, wasu kan wayar kanta, wasu kan Gmail. Waɗanda ke kan wayar su ne ke ɓata. A manhajar lambobi ki mayar da su duka kan Gmail, in ba haka ba hirarrakin za su dawo amma ki ga lambobi tsirara babu suna, ki rasa wace ce Hajiyar da ta ɗauki turmi uku.

Ma'aikacin banki, Kwangila:
Ranki ya daɗe, kuɗinki ba a cikin waya suke ba, kada ki damu. Manhajar za ta ga sabuwar na'ura ce, ta turo lamba ta layin da kika yi rajista da shi, wasu bankunan su nemi ƙarin tabbaci. Ki shigar da waɗannan da hannunki. Kada ki karanta wa kowa lambar da aka turo, ko BVN, ko lamba shida ta WhatsApp, ko da shi ke taya ki saitin. Ki cire layi da katin memori kafin ki ba kowa wayar. Layin ma ki sa masa lambar kulle, domin wanda ya samu layin mutum yana iya gwada taɓa asusunsa ko da ƙaramar waya.

Ɗan Samaru:
Na karɓi gyara. Amma Anti, wajen saye ki kula. Ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ta fito, ki gwada da wadda ke jikin kwali, kuma ki karɓi rasit mai sunan shago, musamman in ta hannu ce, don wayar sata kan wanda aka same ta a hannunsa take faɗawa. Kada ki sayi ƙasa da 128GB tunda sana'arki hoto ce. In kin ga an rubuta RAM (ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita) 4+4, huɗu ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar.

Mai atamfa, Tudun Jukun:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na yi magana da maigida, zai cika mini in saya ba tare da na ba da tsohuwar ba. In komai ya koma, yaya zan goge ta? Ƙanwata ke so.

Mai gyaran waya, Sabon Gari:
Ki yi kwana biyu kina aiki da sabuwar tukuna, ki buɗe tsofaffin hirarraki ki ga sun cika, ki gwada tura kuɗi kaɗan. Sannan a tsohuwar ki cire asusun Google daga saitin, ki cire kullen buɗe wayar, ki goge ta daga cikin saitin ɗin. Amma kada ki ba ƙanwarki da wannan batirin, a kawo a canza shi tukuna.