Yadda za a riƙa kai Hajiya asibiti

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ciwon gwiwa ya matsa wa Hajiyarmu, an ce ta riƙa zuwa gashi Asibitin Ƙashi na Dala duk mako. A cikin birni muke, mota ba ta shiga lungunmu. A taimaka da shawara.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Nemi ɗan adaidaita guda mai hankali, ku yi jinga ta wata, ya riƙa ɗaukarta shata. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, shi ne ya rage mai kutsawa lungu.

Malama: Kawu, a yi mini afuwa, adaidaita ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Matakinsa da tudu, ga jijjiga in ya faɗa rami. Goggona kwana take yi tana nishi in ta hau.

Kawu: To motar ta ina za ta shigo, 'yata?

Anti Nas: Ai matsalar daga zaure zuwa bakin titi ce. Auta, samo keken tura marasa lafiya mai naɗewa, ka turo ta har titi, sannan mota. A gaba za ta zauna, ka ja kujerar baya sosai. Ta juya wa ƙofa baya, ta fara zama, sai ka shigar mata da ƙafafun. In tana dogara sanda, a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa za ta riƙe. Yawancin tsofaffinmu a baibai suke yi. Hawa matakala lafiyayyar ce gaba, saukowa mai ciwon.

Auta: Anti, kwata ce fa a tsakiyar lungun.

Anti Nas: Zaɓi mai manyan tayoyin baya. Wajen tsallaka kwatar ka taka bayansa, ka ɗaga ƙananan na gaba.

Direba: In motar haya ta manhajar Bolt za ka kira, faɗa wa direban akwai keke tun a waya, wani but ɗinsa cike yake. Kuma ku fita da sassafe, kafin 'yan makaranta da 'yan kasuwa su cika hanya.

Malama: Keken marigayi Babanmu na nan a ajiye, taya ɗaya ce ke son gyara. Turo yaro bayan la'asar.

Auta: Allah ya jiƙan Baba, ya saka da alheri. Saura lallaɓa Hajiya, ta rantse ba za a tura ta a keke maƙwabta na kallo ba.

Kawu: Bar ni da ita, zan shigo bayan magariba.